Sulon Mota Ya Ƙi Sauka

Tambaya: Motata mai injekta ce, ko inji ya yi zafi sulo (jujjuyawar inji lokacin da ba a taka totur ba) ba ya sauka daga juyi 1,500 a minti ɗaya. Me ke jawo haka?

Amsa: Da sanyin safiya wannan daidai ne, amma in inji ya ɗumama ya kamata allurar da ke nuna juyin inji ta dawo tsakanin 650 da 850. Fara duba wayar totur, ko ta ɗaure ba ta da ɗan sassauci. Sai tiyoyin iska: saurari sautin tsotso, domin tiyo mai tsaga yana shigar da iskar da kwamfutar motar ba ta auna ba. In lafiya suke, a kwance bakin totur da bawul ɗin sulo (mai daidaita iskar da ke shiga inji a sulo) a wanke baƙin dattin. Kada ka bari a murɗa sukurun totur, ɓoye matsalar kawai zai yi.