Ki bar Dubai tukuna, ki fara rubuta ranar da ya dawo gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata da ta yi tambaya jiya da dare, na ga saƙonki. Kin ce kina rubuta littafinki na farko, jaruminki zai bar Kano ya tafi neman mahaifinsa, kuma kina so mai karatu ya ji cewa tafiyar ta sauya shi, amma kin rasa yadda za ki nuna hakan, har kina tunanin ko ki kai shi Dubai don labarin ya yi armashi. Bari in faɗa miki abin da na sani, ni da na yi shekaru ina ba da hayar littattafai a Fagge kafin in koma rubuta labarin fim.

Wannan hanya da kika ɗauko tsohuwa ce, da ita rubutun zubenmu na boko ya fara. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Baturen jami'in ilimi Rupert East, ki duba abin da ta haifar: Ruwan Bagaja tafiya ce, Ganɗoki tafiya ce, Shaihu Umar ma tafiya ce. Abin da na daɗe ban lura da shi ba, sai da na girma, shi ne duka ukun wanda ya riga ya dawo ne yake ba da labarin. Mutum na zaune, jama'a sun kewaye shi, yana cewa ga inda na je. Wato tun farko marubutan sun san cewa sai an ga mutumin da ya dawo ake auna tafiyarsa.

To amma dawowar iri biyu ce. Alhaji Imam, jarumin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ya fita ne da ƙafarsa, da rantsuwa a bakinsa, don an kunyata Liman a fada kan maganar ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Ya sha gari bayan gari, yau shi ya yi wa abokin hamayyarsa Malam Zurƙe tsiya, gobe Zurƙe ya rama, har Alhaji Imam ya samo ruwan. Ina son littafin nan ƙwarai, na karanta shi ya fi a ƙirga. Sai dai in za a faɗi gaskiya, wayon da ya fita da shi da shi ya dawo. Duniya ce ya gano, bai gano kansa ba, kuma littafin bai yi alkawarin haka ba. Dariya da mamaki ya yi alkawari, ya kuma cika.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ba shi ya zaɓi tafiya ba. Sace shi aka yi yana yaro, a zamanin cinikin bayi, aka biyo da shi ta nan Kano, Balarabe Abdulkarim ya ƙetara da shi hamada. Ya yi karatu, ya zama malami. Amma wurin da ke tsaya mini a maƙogwaro har yau shi ne na uwarsa. Matar nan ta bi sawun ɗanta, ita ma ta faɗa cikin bauta, ta sha wuya har Tarabulus, suka haɗu, ba ta jima ba ta rasu. Shi ya sa idan yana zaune a Rauta almajiransa suna tambayarsa asalinsa, kina jin nauyin muryarsa. Ilimin ya samu, amma kin ga abin da aka biya. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, idan kin samu dama ki kalla, ki ga yadda yashi da raƙuma da shiru suke yin aikin da a littafi kalmomi ke yi.

Don haka tambayar da zan mayar miki ita ce: wanne kike rubutawa a cikin biyun? Idan na farko ne, ki cika hanya da abubuwan ban mamaki, ba laifi. Idan na biyu ne, kamar yadda na fahimta daga saƙonki, to dole yaron nan ya rasa wani abu da ba zai dawo ba.

Yanzu fim. A nan ne na sha kashi, don haka bari in daɗe kaɗan. A littafi kina da damar shiga zuciyar mutum ki ce ya ji kaza, ya tuna kaza. Kyamara ba ta ganin zuciya, hannu take gani da fuska da kaya. Mu kuma da muka taso muna kallon finafinan Indiya a Plaza da Marhaba mun gaji wata gajeriyar hanya: yaro ya ɓata a tashar jirgin ƙasa, a sa waƙa, kafin waƙar ta ƙare ya girma ya yi gashin baki. Muka ɗauko ta muka sa mata hula. Ɗan ƙauye ya shigo birni da buhu a ka, yana kallon fitilar titi baki buɗe, bayan waƙa ɗaya sai ga shi cikin shadda yana juya makullin mota. An sauya masa kaya, ba a sauya mutum ba.

Wata shekara na rubuta wa wani furodusa labarin saurayin da ya tafi cirani Legas ya yi shekara bakwai. Fitowar da na fi ji da ita a duk labarin ita ce ta daren da ya dawo. Ya sauka a tashar Unguwa Uku, ya iso gida bayan isha'i. Uwarsa ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta kawo tuwon dawa da miyar kuka a tsohon kwanon da yake ci tun yana yaro, wanda gefensa ya lotsa. Ya buɗe, sai idonsa ya fara yawo a kan tabarma, yana neman cokali. Bai ce komai ba. Ita ma ba ta ce komai ba, sai ta kira ƙanwarsa a hankali ta ce ta shiga maƙwabta ta aro. Yarinya ta dawo da cokali, shi kuma ya riga ya wanke hannu ya sa a tuwon, kansa a ƙasa. Cokalin ya kwana a gefen tabarma. Shi ke nan fitowar, ko minti uku ba ta kai ba.

Furodusan ya karanta ya ce, "Malam, wa zai sayi fim don ya kalli cokali?" Aka cire ta, aka sa jarumi ya shigo unguwa da babbar mota, yara na bin sa da gudu, aka ɗora waƙa. Ban yi musu ba, kuɗinsa ne, kuma a lokacin ina bin sa cikon kuɗin aikina. Amma har yau in na tuna sai in ji haushi, don a cikin cokalin nan ne kaɗai shekara bakwai ɗin take.

Wani abu kuma, tunda kin ambaci Dubai. Nisa ba shi ne tafiya ba. A Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, miji ya kori Rabi da 'ya'yanta tara bayan ya yi sabon aure, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Ba ta hau raƙumi ba, ba ta ƙetara teku ba, amma ta gano abin da hannunta zai iya, ta kuma gano su wane ne nata. Lokacin da nake ba da haya, matan aure ne suka fi aiko yara karɓar irin waɗannan littattafai, wani har bangonsa ya mutu sai na ɗinke da zare. Sun san cewa daga ɗakin uwa zuwa ɗakin miji ma tafiya ce, wani lokaci ta fi ta hamada tsawo.

Kuma kada ki kai jaruminki garin da ba ki san ƙamshinsa ba. Mai karatu yana ganewa. Na sha karanta littafin da aka kai mutum Landan, amma duk abin da ke Landan ɗin katafaren gida ne da sanyi. Idan Zariya kika sani, ki kai shi Zariya. Idan kakarki 'yar Damagaram ce, ki zauna da ita ta ba ki labarin hanya, abin da ake ci a mota, yadda ake tsayawa a kan iyaka, yadda Hausar can take sauya a kunne.

Ga abin da zan so ki gwada kafin ki ci gaba. Ki ajiye babi na biyu da kike kai. Ki rubuta shafi ɗaya na safiyar da zai bar gida: wa ya raka shi bakin zaure, me aka ƙulle masa a leda, wace magana ya faɗa wa uwarsa da gadara. Sannan ki tsallake komai ki rubuta shafi ɗaya na ranar da ya dawo, a zauren nan dai, da mutanen nan dai, ban da wanda ya rasu a bayansa. Ki hana kanki rubuta "ya gane cewa" ko sau ɗaya. Ki bar shi ya yi wani ƙaramin abu da wancan yaron na shafin farko ba zai taɓa yi ba. Idan kin gama ki turo shafukan biyu nan, ni zan karanta, kuma na san Hajiya da ke gyara mana rubutu ba za ta bar ki ba sai ta ce wani abu kan uwar yaron, don har yanzu ba ki faɗa mana ko tana raye ba.