Amsa ga 'yar'uwar da aka naɗa darakta amma ba a sa sunanta a banki ba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi na san ciwon nan, kuma da yawa a gidan nan sun san shi, shiru kawai ake yi. Kin ce an naɗa ki babbar darakta, wanda ya kafa ƙungiyar ya koma shugaban amintattu, amma har gobe shi ke sa hannu a cek, wurinsa ma'aikata ke kai ƙara, shi masu ba da tallafi ke kira. Kina tambaya ko kwas ɗin shugabanci za ki nema. Ki bar maganar kwas tukuna. An ba ki doki ne an riƙe linzami, kuma babu horon da zai gyara wannan.

Ki fara da kundin tsarin mulkin ƙungiyar da aka kai CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, lokacin rajista, ba wanda ke cikin kwamfutar ofis ba, don sau da yawa sun bambanta. Ki duba su waye amintattu. Kada ki yi mamaki in kin tarar da matarsa da ƙaninsa da abokinsa na makaranta. A ƙarƙashin dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAMA ta 2020, sauya amintattu sai an yi taro an zartar da ƙuduri, an buga sanarwa a jarida, an jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Ba aikin mako guda ba ne, don haka ki sa banki a gaba: ƙudurin amintattu a rubuce, ke a rukunin A na masu sa hannu a asusu, akawu a rukunin B, kuma a faɗi iyakar kuɗin da za ki amince da shi ke kaɗai, misali naira miliyan biyu, abin da ya haura sai da shugaban amintattu. Sannan tokin ɗin banki, wato abin da ke ba da lambar sirrin tura kuɗi, da lambar wayar da alat ke shiga. Nan ake mantawa! A canza sa hannu, alat kuma yana ci gaba da shiga wayarsa.

Abin da ya fi ƙona min rai da irin waɗannan mutanen shi ne, a gaban baƙi zai ce "'yata ce, na bar mata komai". Da dare kuma ya kira akawu ya ce a ciro kuɗi daga asusun aikin tamowa a biya hayar ofis, "aro ne, za a mayar". Ba a mayarwa. Babu takardar neman kuɗi, babu rasit. Akawu yaro ne, shi ya ɗauke shi aiki, ina zai iya cewa a'a? Ranar da masu bincike suka zo ba zata, suka ɗora bayanan banki kan rahoton kuɗi, sa hannun wa ke ƙasan rahoton? Naki. Shi yana Abuja wurin taro, wayarsa a kashe. Ke za ki zauna gaban yaran da ba su kai ki shekaru ba kina rantsuwa, a rubuta cewa kuɗin ba su halatta ba, a mayar. Daga baya ya riƙa faɗa wa mutane ai ba ki iya ba. Allah ya isa.

Kada ki tunkare shi a zauren WhatsApp na ma'aikata. Ki sami dattijo ɗaya cikin amintattu da yake jin nauyinsa. Ki kuma fake da masu tallafi, tunda a tantancewar da suke yi kafin su ba da kuɗi suna tambayar ko mai neman kuɗi da mai amincewa da mai biya mutum ɗaya ne. Ki ce sharaɗinsu ne, ba naki ba. Ya fi sauƙin haɗiyewa.

Ki duba fansho ma, don Allah. Dokar fansho ta 2014 ta ce ƙungiya ta zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 8. Da Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agajin ƙasashen waje, USAID, a Janairun 2025, daraktoci ne suka miƙa wa ma'aikata takardun sallama, a nan wasu suka gano an daɗe ana cire musu kuɗin ba a zubawa. Haka harajin albashi, da takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, da rahoton shekara na CAC. Kalmar sirrin imel ɗin ƙungiya ma ki karɓa.

Ke ma ki fara renon na ƙasa da ke tun yanzu. Jami'in shirye-shirye ya riƙa gabatar da rahoto gaban masu tallafi kina zaune, ki bar shi ya amsa tambaya ko da ya yi in'ina. Ki nemi a rubuta wa'adin amintattu da na darakta a kundin, har da naki.

In an yi zaman amintattu biyu ba a zartar da ƙudurin bankin ba, ki rubuta musu wasiƙa mai kwanan wata cewa ba za ki ƙara sa hannu a rahoton kuɗin da ba ki ga bayanan bankinsa ba, ki ajiye kwafi a gida. Shi akawun, kin taɓa zama da shi ku biyu kin tambaye shi nawa aka ara zuwa yanzu?