Ɗana ba ya barci da wuri: lalaci ne?

'Yar uwa, kin ce yaronki mai shekara 15 ba ya kwanciya sai ƙarfe ɗaya na dare, da safe kuma sai an sha fama kafin ya tashi. Ni dai ban ga lalaci a nan ba tukuna.

Da zarar yaro ya fara balaga, agogon jikinsa yakan ja baya. Sinadarin melatonin, wanda ke kawo barci, yakan makara wajen fitowa, wani lokaci har kusan awa biyu. Shi ya sa ko kin kashe masa fitila ƙarfe tara, juyi kawai zai yi ta yi ido biyu. Amma buƙatarsa na nan: masana sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 kowane dare. In bai samu ba, sai saurin fushi da mantuwa da gyangyaɗi a aji.

Waya ce ke ƙara dagula lamarin, don haskenta na ƙara jinkirta barcin, hira kuma ba ta ƙarewa. Ki sa ta riƙa kwana a wajen ɗakinsa, taki ma haka in kina so ya yarda ba da rigima ba.

Kada ki ce dare ɗaya zai koma ƙarfe goma. Ku riƙa matso da lokacin da minti 15 duk bayan 'yan kwanaki, ya fita hasken rana da safe, ya bar kofi da yamma. Idan kuma kika ga ya rage cin abinci ko ya janye jiki daga abokansa, ku je wurin likita.