Amsa ga ɗiyata a kan riƙon yaron da ya riga ya yi wayo

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni. Na fahimci cewa ke da maigidanki kuna son ku ɗauko ɗan ƙanensa marigayi, yaro mai shekara 11 da ke wajen Batsari, tun da uwarsa ta yi wani aure, kuma kina tambaya ko al'ada ta san riƙon yaron da ya kai haka, da ko za a iya rubuta masa sunan maigidanki a makaranta don kada ya ji shi bare ne.

Riƙo tsohon abu ne a wurinmu, amma galibi bayan yaye ake bayar da yaro, musamman ɗan fari wanda uwa ke jin kunyarsa, sai kaka ko gwaggo ta ɗauke shi ya tashi bai san wani ɗaki ba sai nata. Wanda ya yi wayo kuwa, mutuwa ko rabuwar aure ce ke kawo shi, kuma yana zuwa ne da sanin muryar ubansa da hannun uwarsa a miya.

Maganar suna ba ta da ja. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma Zaidu ɗan Harisa, wanda a da ake kira ɗan Muhammadu, sunan ubansa aka mayar masa. Riƙo ba ya jawo gado. Idan maigidanki yana son ya bar masa wani abu, ya yi masa kyauta da ransa, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Gonar da ubansa ya bari kuwa amana ce, a rubuta ta a gaban shaidu, a miƙa masa idan ya mallaki hankalinsa. Ki kuma sani cewa ya wuce shekarun shayarwa, saboda haka ba muharraminki ba ne, ba kuma na 'yan matanki ba, sai a tanadar masa ɗakin zaure kafin ya balaga, a gaya masa dalili da taushin murya don kada ya ɗauka kora ce.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a tambaya. Ina da shekara tara aka kai ni riƙo Daura bayan rasuwar mahaifiyarmu, na zauna gida uku a cikin shekara huɗu, kuma a gida na ukun ban taɓa kwance ƙullin kayana ba, yana nan ƙarƙashin gado, domin kullum aka yi baƙo ina zaton shi ne zai tafi da ni. Ba wanda ya taɓa duka na, Allah ya jiƙansu. Amma da Sallah aka yanka wa 'yan gida atamfa iri ɗaya, ni aka saya mini wata daban, wai ta ƙare a kasuwa, kuma har yau ina iya gaya miki launinta. Irin wannan yaro zai iya ɓoye tuwo, ko ya yi fitsarin kwance, ko ya yi ƙarya a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma tsoro ne ke sa shi, ba mugun hali ba.

Don haka idan ba ku da niyyar riƙe shi har ku ga aurensa, gara ku bar shi wurin kakanninsa kuna aika masa kuɗin makaranta. Idan kuwa kun ƙudura, ku zauna da uwarsa tukuna ku tsayar da lokutan da zai riƙa zuwa gaishe ta, sannan maigidanki ya je da kansa ya tambayi yaron ko yana son zuwa Katsina.