Tambaya da Amsa: Tauraron da Ya Yi Tafiya Ya Ɓace

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata rana tsakanin magariba da isha'i muna zaune a tsakar gida, sai na ga wani haske a sama wanda da fari na ɗauka tauraro ne, domin ba shi da ƙara kuma ba ya ƙyaftawa. Can sai na lura yana tafiya daga yamma zuwa gabas yana ratsa sauran taurari, har ya kusa tsakiyar sama ya dusashe ya ɓace, alhali babu gajimare. Maƙwabcina ya ce shi ya taɓa ganin irinsu da yawa a jere. Wasu sun ce aljanu ne, wasu kuma jirgin leƙen asiri. Mene ne gaskiyar al'amarin? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, siffar da ka bayar ta fi kama da tauraron ɗan adam, kuma lokacin da ka ambata shi ne babbar shaida. Waɗannan na'urori ba su da fitilar da za a hango daga ƙasa, hasken rana ne yake dukansu ya dawo mana. Bayan rana ta faɗi a garinku, ku kuna cikin duhu amma abin da yake ɗaruruwan kilomita a sama yana nan cikin hasken rana har zuwa wani lokaci, shi ya sa aka fi ganinsu a farkon dare da kuma kafin asuba. Ɓacewar da ta ba ka mamaki kuwa shigarsa inuwar duniya ce, domin da zarar ya shiga inda hasken rana ba ya kai wa, sai ya dusashe cikin 'yan daƙiƙoƙi ko da sama tana fes.

Idan hasken ya fi na sauran taurari ƙarfi sosai, mai yiwuwa Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ka gani. Tana shawagi a nisan kimanin kilomita 400, da gudun da ya kai wajen kilomita 28,000 a sa'a, tana kewaye duniya a cikin minti 90 da ɗoriya, kuma tun watan Nuwamba na shekarar 2000 ba ta rabu da mutane a cikinta ba. Takan ɗauki 'yan mintoci kafin ta ratsa sama, kuma daga ɓangaren yamma take fitowa ta nufi gabas kamar yadda ka faɗa.

Abin da maƙwabcinka ya gani kuwa kusan babu shakka taurarin ɗan adam na Starlink ne, na kamfanin SpaceX da ke Amurka, wanda ya harba rukunin farko na guda 60 a watan Mayun 2019, ya kuma fara sayar da intanet a Najeriya a farkon 2023. A kwanakin da ke biye da harbawa sukan tafi a jere kamar ƙwayoyin carbi, kafin kowane ya haura zuwa mazauninsa su rarrabu.

Jirgin sama ba ya da wuyar ganewa, domin yana da ja da koren fitila da kuma farar da ke walƙiya, sai dai idan ya doso mutum kai tsaye da fitilar sauka, nan yakan yi kamar tauraro tsayayye na ɗan lokaci. Tauraro mai gilmawa kuwa, wato ɗan dutsen sama da ke ƙonewa idan ya shigo iskar duniya, yawanci ba ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Kuskuren yakan zo ta ɗaya fuskar ma, a ga abin da aka saba da shi a ɗauka baƙo ne. Zara, wadda ake ce wa matar wata, tana cikin abubuwan da aka fi kai rahotonsu a duniya a matsayin haske marar bayani. Idan mutum ya ƙura wa haske guda ido cikin duhu, ƙananan motsin idonsa sukan sa ya ga kamar hasken yana yawo, kuma masana sun daɗe da tabbatar da wannan ruɗin. Maganinsa shi ne a auna hasken da wani abu tsayayye, kamar kan katanga ko reshen itace.

Ba na cewa an warware kowane haske. Rundunar sojin sama ta Amurka ta tattara rahotanni 12,618 kafin ta rufe bincikenta mai suna Project Blue Book a 1969, kuma 701 daga ciki sun rage ba a gano su ba. A kwarin Hessdalen na ƙasar Norwe ana ganin wasu fitilu tun farkon shekarun 1980, an kafa musu na'urorin sa ido, kuma har yau masana ba su haɗu a kan bayani ɗaya ba. Amma a ra'ayina rashin bayani ba hujja ce ta aljanu ko baƙin wata duniya ba, sau da yawa shaidar ce ba ta isa a yanke hukunci ba. Misali, fitilun da suka tayar da hankalin mutanen birnin Phoenix na Amurka da misalin ƙarfe goma na daren 13 ga Maris 1997, daga baya an gano wutar haskaka fili ce da jiragen soja suka saki yayin atisaye.

In ka sake gani, ka rubuta ranar da lokacin, da inda ya fito da inda ya ɓace, da tsawon mintocin da ya yi. Akwai manhajojin waya na kyauta irin su Stellarium da Heavens-Above waɗanda za su nuna maka abin da ya ratsa saman Gusau a daidai wannan minti, har su gaya maka daren da zai sake wucewa.