Amsa ga ɗan ƙanena kan tallafin gwamnati a Amurka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ku a gida kuna jin wai a Amurka ko mutum bai ɗaga tsinke ba gwamnati za ta ciyar da shi, to me ya sa mu mazauna nan muke ta kukan aiki dare da rana, me ya hana mu karɓa mu huta? Ba kai kaɗai ke yi min wannan tambayar ba, don haka bari in amsa a rubuce, ka karanta wa sauran.

Tallafi dai akwai shi. Wanda aka fi sani shi ne na abinci, SNAP, da mutane har yau suke ce wa fud-istam. A 2024 sama da mutum miliyan 40 ne suka ci moriyarsa. Kati ne irin na banki, duk wata a zuba wani abu a ciki, ka sayi shinkafa da mai da madara da ɗanyen nama. Ba ya sayen sabulu, ba ya sayen dafaffen abinci mai zafi, kuma a gidaje da yawa kafin wata ya mutu ya ƙare. Akwai Medicaid, tallafin kuɗin asibiti na masu ƙaramin ƙarfi, tun 1965, wanda ke biyan kusan haihuwa huɗu cikin goma a ƙasar.

Abin da ba a gaya muku shi ne da wane ido ake kallon mai karɓa. Ba'amurke ya raba kuɗin gwamnati gida biyu. Akwai wanda yake ganin guminsa ne, wato fanshon Social Security da aka kafa a 1935 zamanin Shugaba Roosevelt, da Medicare na asibitin tsofaffi. Waɗannan ana yankar su daga albashi tsawon rayuwa, ba mai jin kunyarsu, ɗan siyasar da ya taɓa su kuwa ya tona wa kansa rami. Sai ɗaya gidan, na wanda aka ba don ba shi da shi. Nan ne tsegumi yake.

Ka san aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Akwai wani dattijo Bature da na yi wa aiki, tsohon ma'aikacin gini, mutum mai kirki, kullum sai ya tura min biskit a jaka. Amma da an ambaci masu tallafi a talabijin sai ya buga sandarsa a ƙasa, wai malalata ne masu cin harajinsa. Ina tsaye ina gyara masa matashi, alhali Medicaid ce ke biyan albashina a gidan, tunda ajiyarsa ta ƙare. A ransa shi ba ya cikinsu. Shi ya yi aiki, su ne ba su yi ba.

Wannan tunanin yana da tushe. Tun suna yara ake cusa musu cewa duk mai ƙoƙari zai samu, don haka wanda bai samu ba sai a fara tuhumar ƙoƙarinsa. A yaƙin neman zaɓen 1976, Ronald Reagan ya yi ta ba da labarin wata mata a Cikago mai karɓar tallafi da sunaye barkatai, labarin ya zauna daram a kawunan jama'a, aka riƙa ganin fuskar baƙar mace duk lokacin da aka yi zancen, ko da yake fararen fata ne rukuni mafi yawa a masu karɓar SNAP. A 1996 Bill Clinton, ɗan Dimokurat ma, ya sa hannu a dokar da ta taƙaita tallafin tsabar kuɗi zuwa shekara biyar a duk rayuwar mutum, da sharaɗin aiki. Ni dai ina ganin tuhumar ta yi yawa. Akasarin masu katin abincin nan yara ne da tsofaffi da naƙasassu, wasu kuma ma'aikata ne a ƙasar da mafi ƙarancin albashin tarayya ya tsaya a dala 7.25 a awa tun 2009.

Kada ka ɗauka Amurkawa marowata ne. Coci-coci da masallatai na raba abinci kowane mako, kuma wanda ke zagin tallafin gwamnati shi ne zai tsaya cikin sanyi yana miƙa maka kwali. Yana son ya ga wanda ya bai wa. A 2021 aka ƙara kuɗin da gwamnati ke ba iyaye kan kowane yaro, talaucin yara ya sauko zuwa kashi 5.2 cikin ɗari. Majalisa ta ƙi sabunta shi, a 2022 ya haura kashi 12.

Mu kuma Hausawan unguwar Bronx ta New York, na zangon Kumasi da Nima a Gana da na Nijar da na Najeriya, namu lissafin daban ne. Dokar 1996 ta hana mai girin-kat, wato takardar zama na dindindin, yawancin tallafin sai ya cika shekara biyar, marar takardu kuwa babu SNAP sam. Wanda ya ɗauko ɗan'uwa sai ya sa hannu cewa shi zai ɗauki nauyinsa. Tun da aka tsaurara dokar hana takardun zama ga wanda ake ganin zai zama nauyi kan gwamnati a 2019, tsoro ya shiga mutane, har uwa ta ƙi nema wa ɗanta haifaffen nan abin da yake haƙƙinsa, don kada a ga sunanta ranar gyaran takardu. Shi ya sa muka fi jingina da junanmu: adashi, zakka a masallaci, faifan da ake zagayawa bayan Juma'a idan wani ya kwanta ciwo ko za a kai gawa gida.

A tsakaninmu ma ba baki ɗaya ba ne. Dattawa na cewa mai lafiya ya karɓa abin kunya ne, kamar bara ne da riga mai tsabta. Yaranmu da suka tashi a nan suna cewa ai harajinmu ne, Mama ki cike fom. Ni na karɓi WIC, tallafin madara da ƙwai na masu ciki da masu goyo da ƙananan yara, lokacin da nake goyon 'yan'uwanka, ban kuma ɓoye ba.

Batun a cire kuɗin katin a turo muku kuwa, ka bar shi. Sayar da shi laifi ne da zai iya kai mutum kotu ya lalata masa takardu. Abin da nake turo wa babanka daga albashina yake fitowa. Ka gaishe shi, ka ce Gwaggonka za ta kira ranar Lahadi.