Tambaya da amsa: Ƙara girman tankin Bitil da sauya mata salansa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji Volkswagen Beetle daga mahaifina, injin 1600 mai kafireta ɗaya, kuma har yanzu lafiyarta ƙalau. Ina so in riƙa zuwa Maiduguri da ita daga Kano ba tare da na tsaya wajen 'yan bumburutu ba. Wani mai walda ya ce zai yanka tankin ya ƙara masa ciki. Salansarta ma ta ruɓe, ina son in sa mai faɗi wadda za ta ƙara mata ƙarfi da amo. Mece ce shawararka? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ka mori abin da ya bari. Bari mu fara da mai waldan nan: ka gode masa, ka ɗauke motarka. Tankin da ya taɓa shan fetur, ko an juye shi an wanke da omo, tururin man yana nan maƙale a lungunansa da cikin tsatsa, kuma tururin ne ke fashewa idan wuta ta taɓa shi. Ko da an yi sa'a aikin ya ƙare lafiya, ɗinkin walda a kan siririn ƙarfen da ya haura shekara arba'in ba ya jure girgizar hanya. Wata biyu, uku, za ka fara jin warin mai a cikin mota.

Akwai kuma abin da wataƙila bai leƙa ba. Tankin Bitil a gaba yake, bayan safaya taya, yana cin lita 40 ko sama da haka kaɗan. Idan ka kwance notinsa huɗu ka ɗaga shi, abin da za ka gani a ƙarƙashi shi ne sandunan sitiyari da uwar birki. Duk wanda ya ƙara wa tankin zurfi ta ƙasa, to ya shiga hanyar sitiyari ke nan. Shi ya sa manyan tankunan da kamfanonin kayan gyara ke ƙerawa don wannan mota ta sama suke tashi, su cinye wurin kaya, gindinsu kuwa daidai da na asali. In har sai ka ƙara, irin wannan za ka nema. Kafin ka yi oda ka tabbatar da abu biyu. Na farko, bakin zuba man motarka a cikin but ɗin gaba yake ko a waje ta gefen dama, domin a motocin Jamus daga ƙirar 1968 ne aka fitar da shi waje, kuma tankunan ba sa shiga gurbin juna. Na biyu, ta Jamus ce ko haɗin Legas. Waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975 akasarin kayansu daga Brazil ya zo, kuma ba komai ne ya yi daidai da na Jamus ba. Sabon tanki yana son abin auna mai da ya dace da tsayinsa, in ba haka ba geji zai riƙa yi maka ƙarya, yana kuma son 'yar hanyar shaƙar iska, don tankin da ba ya numfashi famfo zai yi ta ja har mota ta mutu a tsakiyar titi.

Amma mu yi lissafi tukuna. Lafiyayyar 1600 a doguwar hanya tana shan kamar lita 9 zuwa 10 a kilomita 100. Kano zuwa Maiduguri ya kusa kilomita 600, wato kana bukatar lita 55 zuwa 60. Giɓin bai wuce jarka ɗaya ta lita 20 ba. Ni da motata ce, zan cika a Kano, in sake cikawa a Azare ko Potiskum, injin ma ya ɗan sha iska. In hankalinka bai kwanta ba, riƙe jarkar ƙarfe mai murfin da ke kamawa sosai, ka ɗaure ta a kariyar sama. Kada ka kuskura ka ajiye ta a bayan kujerar baya: batir a ƙarƙashin kujerar yake, injin kuma bango ɗaya ne tsakaninsu.

Kuɗin da ka ware na tanki, rabinsa ya tafi kan tiyo. Gobara tana cinye motocin nan, kuma sau da yawa daga wuri ɗaya take tashi. Man yana bin bututun ƙarfe ta cikin ƙashin bayan motar zuwa baya, ya shiga famfo, daga nan tiyon roba ya kai shi kafireta. Ɗan bakin tagullar da tiyon ke kamawa a jikin kafireta cusa shi kawai aka yi, ba shi da zare. An taɓa kawo mini wata a gareji an rataya mata filtar roba tsakanin famfo da kafireta, tana lilo. Na sa yatsu biyu na ja tiyon a hankali, sai ga bakin tagullar ya biyo shi kamar haƙorin yaro. Dilko, mai raba wa fulogi wuta, yana nan ƙasa kaɗan yana tartsatsi, jikin injin kuma da maganiziyam aka haɗa shi, wanda in ya kama ruwa ba ya kashe shi. Saboda haka a mayar da filta can gefen giyabos, wajen ɗakin injin. A sa sabon tiyo mai ramin milimita 5.5, kada a karɓi na kwatan inci da ke yawo a kasuwa, yana yin lako-lako. A sa kilif a kowane baki, a ɗaure bakin tagullar da siririyar waya. A duba robar da ke kare bututun a inda ya huda farantin gaban injin, don in ta zube farantin yana yanka shi sannu a hankali.

Yanzu salansa, inda na fi son ka nutsu. A motar da ruwa ke sanyaya ta, ka sa salansar banza iyakarta ta dame ka da ƙara. Bitil ba ta da lagireto, iskar fanka da baƙin mai ne kaɗai gatanta, don haka duk abin da ka taɓa a salansa ya taɓa zafin injin.

Ka buɗe bayan motar ka duba ƙarƙashin kafireta. Za ka ga siraran bututu biyu sun taso daga salansa, hagu da dama, sun manne da manifol, wato bututun da ke kai mai da iska daga kafireta zuwa silinda. Aikinsu su ɗumama shi da hayaƙi. Fetur in yana zama tururi sanyi yake jawowa, manifol ɗin kuma dogo ne, in ya yi sanyi sai man ya kwanta a jikinsa ya ƙi isa silinda. Wasu kanikawan namu suna toshe bututun, wai ƙasarmu da zafi. Su ne motocin da za ka ji da safiyar hunturu ka taka totur ta yi shiru kamar za ta mutu, sannan ta zabura, ga shan mai. To, salansar da za ka saya dole ta kasance da mazaunin waɗannan bututu, kuma ka zura waya ka tabbatar an huda su, domin da yawa daga cikin masu arahar suna zuwa da mazaunin amma a toshe. Tunda za a kwance, a share bututun ma. Tsohuwar wayar kuloci ake yanka, a ɗaura a injin huda ƙarfe, a yi ta murzawa har baƙin gawayin ya zubo.

Maganar faɗi kuwa, ga injin 1600 da ba a taɓa cikinsa ba, salansa mai bututu huɗu da ke haɗuwa wuri ɗaya, faɗin kowanne kamar milimita 35, da tukunya mai sauƙin ƙara, ita ce iyaka. Wadda ta fi haka faɗi rage gudun hayaƙin take yi, motar ta rasa ƙarfin tashi daga ƙasa, wanda shi ne kake amfani da shi a cunkoson Kano. Kada ka sa rai da yawa: injin doki 50 ne, ƙarin da za ka samu 'yan kaɗan ne, za ka fi jin sa a hawa da wuce tirela. Bututu tsirara marar tukunya kuwa, kafin ka kai Wudil kanka ya fara sarawa. Ni dai har gobe ina son ɗan fiton nan na tagwayen bututun asali, amma wannan son raina ne.

Idan taka mai tukwanen ɗumama cikin mota ce irin ta Jamus, kuma sun ruɓe, cire su ya fi, don hayaƙi marar wari mai kisa yana bi ta nan ya shiga cikin mota. Sai dai in an maye gurbinsu da bututu zalla, a toshe bakuna biyun da ke jikin gidan fanka da ramukansu a farantin baya. In an bar su a buɗe, iskar da ya kamata ta sanyaya kan silinda waje za ta tsere, zafin salansa kuma ya dawo ciki fanka ta sake shaƙa. Notin salansa a jiƙa su da mai tun daren jiya. Kusoshin a cikin kan silinda na alminiyam suke, in ɗaya ya karye aikin yini ya koma na mako. A mayar da na tagulla da sabbin gaskit.

Sauran abu ɗaya da aka fi mantawa. Salansa mai sakin hayaƙi tana sa injin ya ƙara shaƙar iska, man ya yi masa kaɗan, kuma ƙarancin mai zafi ne. Idan kafiretarka Solex 34 PICT-3 ce mai babban jet (ƙofar da mai ke bi a cikinta) lamba 127.5, yawanci sai an matsa zuwa 130. A saita bawul da sanyin injin a milimita 0.15, a duba taimin kada ya wuce digiri 30 zuwa 32 in an ba ta wuta sosai. Sannan ka hau titin Wudil ka yi kilomita talatin da gudun tafiya, ka tsaya ka cire fulogin silinda ta 3, wadda ke hagu ta wajen gaban mota, don ita ce ta saba fin sauran zafi, kuma bawul ɗinta ne ke fara tsinkewa. In bakin fulogin ya yi ruwan ƙasa kamar shayi da madara, kama hanyar Maiduguri. In ya fito fari fat kamar alli, juyo gareji a ƙara jet.